Yadda ake yi wa fuskar gida fenti mai haske ya jure rana da damina

A ƙauyukan Kano da Jigawa yawancin katangu launinsu ɗaya da ƙasar da suke tsaye a kai, shi ya sa gidan da aka shafa wa shuɗi ko kore tun daga bakin kwalta ake hango shi. Da shi ake kwatance: "in ka wuce masallacin Juma'a, gida na biyu bayan mai koriyar ƙofa." Ɗan ci-rani da ya sauko daga mota bayan ya share rani a Legas ko Fatakwal, zankon gidansu idonsa yake fara nema, da ya hango shi kuwa gajiyar hanya ta soma sauka. Don haka ba ɓarnar kuɗi ba ne mutum ya ƙawata ƙofar gidansa. Ɓarnar kuɗi ita ce a shafa fenti da kaka, kafin damina ta kai tsakiya ya kumbura yana ɓarewa. Abin da ke jawo haka kusan kullum abu biyu ne: ruwa a cikin bango, da gaggawar mai gida.

Bangon ne ke zaɓar abin da za a shafa masa

Kafin a je kasuwa a tsaya a dubi bangon. Iri uku ake samu a karkara: ginin ƙasa na tubali mai yaɓen ƙasa, ginin bulo mai filastar siminti, da ginin ƙasa da aka yi wa rigar siminti daga baya.

Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. Duk abin da zai toshe masa wannan hanya zai cuce shi. Fentin mai shi ne kan gaba: yana rufe fuskar bango ruf, laimar da ke ciki ta rasa mafita, ta taru a bayansa, sai ya ɓanɓaro tare da yaɓen. Ginin ƙasa farar ƙasa yake so, ko makuba (jiƙon ɓawon ɗorawa), ko laso (haɗin yaɓen gargajiya mai jure ruwa).

Bangon bulo mai filasta shi ke karɓar fentin ruwa na waje, ko tekskot mai gurji-gurji.

Na ukun shi ne mai rigima. Siminti da ƙasa ba sa motsi tare. Ƙasa na kumbura ta koma, siminti na tsaye. A bi bangon ana ƙwanƙwasawa da ƙotar wuƙa. Inda ya yi ƙara kamar babu komai a baya, filastar ta riga ta rabu da ƙasar, kuma sau da yawa gara ce ta yi gida a tsakani. A fasa wurin, a kashe garar, a kafa ƙusoshi a ɗaura ragar kaji, sannan a sake filasta. Fenti a kan filastar da ta saki asara ce tsagwaronta.

Lokaci

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, bango ya samu makonni yana tsanewa, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba, ga kuɗin riɗi ko zoɓo ko gyaɗa a hannu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas na ɗauke da ƙura, tana manne wa ɗanyen fenti, musamman na mai da ke daɗewa bai bushe ba. Da bazara kuma, Maris zuwa Mayu, zafi na wuce digiri 40, fentin ruwa na bushewa a kan rola kafin ya kama bango, ya bar shaidar layi-layi.

Mutane sun fi tuna fenti ana saura kwana uku Salla, ko biki, ko dawowar alhazai. Ba a fafe gora ranar tafiya. In sabuwar filasta ce, tana buƙatar ban-ruwa safe da yamma na mako guda, sannan a bar ta ta cika kwana 28 kafin fenti ya taɓa ta. Ɗanyen siminti yana da kaifi irin na kanwa, yana cinye launi: shuɗi ya koma dabbare-dabbare, kore ya yi fari-fari.

Ga gwaji mai sauƙi. A yanko leda mai faɗin tabarmar salla rabi, a manna ta a gindin bango da salatif ta kowane gefe, a bar ta ta kwana. In da safe an ga raɓa a cikinta, ko wurin ya yi duhu, bangon bai shirya ba.

A fara kashe hanyar ruwa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin ha'inci, domin ba ya fitowa a hoto.

A hau soro a duba indararo. Wanda ya toshe ko ya gajarce yana zubar da ruwa a jikin bango, shi ne baƙin layin nan da ake gani ya sauko daga sama har ƙasa. Indararo ya fito daga bango aƙalla kamu biyu, a ajiye faffaɗan dutse ko fasasshen bulo inda ruwan ke faɗuwa, don kada ya haƙa rami ya fantsamo taɓo. Gidan kwano kuma a duba bakin kwanon ya zarce bango sosai. Saman katanga ma kada a bar shi a shimfiɗe. A yi masa doro ko a karkata shi ruwa ya gangare.

A yankinmu hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne ke shan dukan ruwa da iska. Magina na da sun san haka, shi suke fi ba wa makuba. Yanzu ma shi ya kamata ya samu ƙarin shafi ɗaya in fenti ya isa.

Sai gindin bango. Ƙasar ƙofar gida ta gangara waje, ba ciki ba. In da hali a yi daɓen siminti mai faɗin kamar santimita 60 a bin bango. A kwashe kara da itace da tarin taki daga jikinsa, a matsar da turken awaki, saboda fitsarin dabba na shiga bango da gishiri. Farin garin da ke fitowa a gindin katanga kamar kanwa gishiri ne da ruwa ya hauro da shi daga ƙasa. Da busasshen buroshi mai ƙarfi ake kankare shi. In aka wanke da ruwa ya narke ya koma ciki, bayan mako biyu ya sake fitowa. A garuruwan fadama irin na wajen Haɗejiya, Auyo da Ringim, inda ruwa ke kusa kuma ambaliyar 2022 ta jiƙa gine-gine da yawa, wannan matsala ta fi tsanani. A can kada a rufe gindin bango da fentin mai ko kaɗan, sai dai abin da ke barin laima ta fita.

Tsagewa iri biyu ce. Ƙanana masu kamar gashi na filasta ne: a ɗan buɗa su da bakin cokalin magini, a share, a jiƙa, a cike. Wadda yatsa ke shiga, ko ta tafi a karkace daga kusurwar taga, daga tushe take. Wannan sai magini ya gani, in ba haka ba ko an toshe za ta dawo. Haɗin faci: buhun siminti ɗaya mai kilo 50, wato kwanon sarki biyu, da yashi kwano 12, kamar baro uku ke nan. Na gindin bango a ƙarfafa shi, kwano takwas. Yashin ya zama wankakke. Mai laka a ciki shi ke sa filasta tsattsagewa.

Tsohon fenti kuma a shafa shi da tafin hannu. In hannu ya fito da gari, a wanke bangon da buroshi a bar shi ya bushe kwana biyu. Inda ya ɓare a kankare har a iske mai ƙwari. Baƙin gansakuka a wanke da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu, a ɗauraye. Fentin ruwa ba ya kama tsohuwar farar ƙasa sai an kankare ta tas, ba ya kuma kama fentin mai sai an dusashe ƙyallinsa da samfefa.

Lissafin abin da za a saya

A auna tsawo a ninka da tsayi, a cire ƙofa da tagogi. Wanda ba shi da tef, in ya san yawan bulon da ya shiga bangon, kowane bulo goma murabba'in mita ɗaya ne. Misali fuskar gida mai tsawon mita 12 da tsayin mita 3: murabba'i 36. A cire biyu na ƙofar zaure da biyu na tagogi, saura 32.

Litar fentin ruwa ɗaya tana rufe kamar murabba'i 8 zuwa 10 a bango mai sulɓi, amma sabuwar filasta mai kaushi tana sha, ba ta wuce 5 ko 6 a shafin farko. To, ga bangon nan: shafin share fage lita 5 zuwa 6, shafi biyu na launi lita 8. Jimla kamar lita 14. Maimakon galan huɗu masu lita hurhuɗu, gara a ɗauki bokiti mai lita 20, ragowar ta yi gefen gida da faci. Tekskot ya fi haka ci nesa ba kusa ba, kuma gurji-gurjinsa na riƙe ƙurar hunturu. A ƙauyen da hanyarsa ba kwalta, mai sulɓi ya fi shi saurin wankuwa.

A sayi fenti a shagon da aka sani, ko a Ƙofar Ruwa in an shiga Kano, ko a Dutse da sauran manyan garuruwa, a duba murfin ba a taɓa ɓalle shi ba, a kuma ce na waje ake so, don na ɗaki ba ya jure rana. Araha ba ta ado. Fenti mai arha alli ne ya fi yawa a cikinsa, abin da ke riƙe shi kaɗan ne. A shafa kaɗan a kwali, ya bushe, a goga da jiƙaƙƙen tsumma. In ya biyo tsumman, haka zai biyo ruwan sama.

Sauran kaya: rola da dogon sandarta, buroshi mai inci huɗu da mai inci biyu, samfefa, abin kankara, igiya, tsani mai ƙwari da wanda zai riƙe shi.

Zaɓen launi

Launin da ya burge mutum a cikin shago ba shi zai gani a bango ba. Ranarmu na da ƙarfi, tana wanke launi mai rauni har ya zama kamar fari, shi kuwa mai kauri a faffaɗan bango sai ya ninka yadda aka zata. A shafa murabba'i ɗaya, a bar shi ya bushe, sannan a koma can inda masu shigowa gari ke fara hango gidan a dube shi da hantsi, da azahar, da kuma gab da magariba, lokacin da ake dawowa daga gona da kasuwa.

Ba duka launuka ke daɗewa ba. Ja mai ƙyalli, ruwan hoda da shunayya su suka fi saurin koɗewa, musamman a bangon yamma. Launukan da aka yi da hodar ƙarfe, wato jan ƙasa, ruwan makuba da rawaya mai duhu irin ta ɗorawa, su ne masu taurin rai. Shuɗi da kore suna tsakiya, gwargwadon kyan fentin. Fari fat yana sanyaya ɗaki amma hunturu ɗaya ke mayar da shi ruwan ƙasa. Ruwan madara ya fi shi rufin asiri.

Shawararmu launi uku, kada a wuce. Jikin bango mai haske, domin launi mai duhu na tara zafi ya sake shi cikin ɗaki da dare. Gindin bango, daga ƙasa zuwa santimita 60 ko 90, tare da dakali, a ba shi mai duhu kamar jan ƙasa, saboda nan ne fantsamar taɓo da gogar awaki da hannun yara ke ƙarewa. Launi mai ƙarfin da ake marmari kuma a kai shi inda ido ke fara sauka: kewayen ƙofar zaure, ƙyauren kansa, layin saman katanga da zankwaye. Daga nesa waɗannan ake gani, kuma in sun koɗe galan ɗaya ya isa a sabunta su ba sai an taɓa dukan bango ba. Mai son ganin yadda ake haɗa launuka masu ƙarfi da zane ba su yi faɗa ba, ya duba adon fadar Sarkin Dutse da ke Garu.

In fuskar gidan na da zanen magina, dagi ko wani, a shafe bangon duka tukuna, sannan a bi tudun zanen da ƙaramin buroshi. Mai son rubuta Bismilla ko Masha Allah ya kai rubutun sama da ƙofa, inda taɓo da dabba ba sa kaiwa. In katangar haɗe take da ta maƙwabci, a yi masa magana kafin a fara, a tsayar da layin iyaka a miƙe.

Shafawa

In bokiti ya fi ɗaya, ko an haɗa launin da hannu, a juye duka a babban mazubi a gauraya tun farko. In ba haka ba rabin bango zai fito daban. A juya da sanda har ƙasa, inda launin ke kwanciya.

Shafin farko a sirka shi, ruwa kashi ɗaya cikin fenti kashi huɗu, don ya shiga jikin filasta. Na biyu da na uku ruwan kada ya wuce ɗaya cikin goma, sai in rubutun jikin bokitin ya ce wani abu daban. Nan ne mai fentin da aka ba wa jinga haɗe da kuɗin kaya ke cin riba, ya tsinka bokiti ɗaya ya zama biyu. Mai gida ya sayi fentinsa da kansa, a buɗe a gabansa, jingar ta tsaya a kan aikin hannu, cikon kuɗi kuma sai shafin ƙarshe ya bushe an gani da rana.

A bi inuwa. Bangon yamma da safe, na gabas bayan azahar. A jira raɓar kaka ta bushe kafin a fara. Daga sama ake farawa a sauko, a gama bango ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa ba tsayawa, domin inda aka tsaya aka tafi cin abinci sai ya bar tabo. Tsakanin shafi da shafi a bar awa uku zuwa huɗu. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Mai kaurin samansa ke bushewa cikinsa ɗanye, daga baya ya tsattsage.

Layin gindin bango ba a yin sa da ido. A yi alama a kusurwa biyu da tiyon awon ruwa na magina, a turbuɗa igiya a bula ko toka, mutum biyu su ja ta, na uku ya ɗaga tsakiyarta ya saki. Kada a auna daga ƙasa, don ƙasar ƙofar gida ba ta taɓa zama daidai.

Ƙyauren ƙarfe da tagogi su ne wurin fentin mai. A goge tsatsa da samfefa har ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin hana tsatsa, ya kwana, sannan shafi biyu na launi, kwana ɗaya tsakaninsu. A kula da ƙasan ƙyauren, can tsatsa ke farawa. Da tina ko kananzir ake sirkawa, ban da fetur. Wani fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan goro, ana sa masa dalma, kuma abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya isa jan kunne, ko da yake can daga haƙar zinari ta fito. A nemi wanda aka rubuta babu dalma a jikinsa. In ana kankare tsohon fentin mai a jiƙa shi tukuna, a rufe hanci, a kori yara, a tattare ɓarɓashin a binne nesa da rijiya. Gwangwanin fenti kuma kada ya koma mazubin ruwan sha ko na awon hatsi.

Ginin ƙasa

A fara gyara yaɓe. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, tana ƙarfafa yaɓe ta ba shi launi ja mai duhu da shi kansa ado ne. Laso ya fi ta jure ruwa. Da katsin marina da gashin jima da dafara ake haɗa shi, sai dai masu iya shi sun yi ƙaranci, sai an tambayi tsofaffin magina.

Farar ƙasa kuma a jiƙa ta ta kwana, a dama, a tace da tsumma ko rariya don cire tsakuwa. Kashi ɗaya na gari, ruwa kashi biyu zuwa uku, kaurinta ya zama na madarar shanu. Ita kaɗai tana gogewa a jikin riga, saboda haka a daka ƙaro cikin gwangwanin madara ɗaya, a narkar da shi a ruwan ɗumi, a tace a zuba wa bokiti mai lita 20. A gwada a gefe: in ta bushe tana bin hannu a ƙara ƙaro kaɗan, in tana tsagewa tana nannaɗewa ya yi yawa. Don launi a sa bula, ko hodar kalar da ake zuba wa daɓen siminti, a dama ta daban a ɗan ruwa kafin a juye, kada ta wuce ɗaya cikin goma na nauyin garin. Farar ƙasa na yin haske sosai in ta bushe, don haka abin da ke cikin bokiti ya fi abin da ake so duhu.

A yayyafa wa bangon ruwa kaɗan kafin a shafa, in ba haka ba zai zuƙe ruwan ya bar gari a sama. Shafi uku marasa kauri, kwana ɗaya tsakani. Na farko zai yi kamar ba a yi komai ba, kada wannan ya sa a kaurara na biyu. Wasu na amfani da ragowar kabaid na masu walda, tana fari ƙal kuma tana kama bango, amma tana cin fata, in ta faɗa ido kuma haɗari ce; a sa safar hannu da tabarau. Duk wanda aka yi, kowace kaka sai an sake shafi ɗaya, bangon gabas wani lokaci biyu.

Bayan an gama

A bar ɗan fili mai duhu kusa da ƙofa, kamar faɗin allo, domin masu allurar rigakafi da alli suke wa gida alama, gara su samu wurinsu. Masu manna hotunan 'yan takara kuwa a hana su tun farko. In an riga an manna, a jiƙa takardar sosai kafin a ɓare, in aka fizge ta a bushe da fentin za ta taho.

Ƙarshen hunturu a share bango da tsintsiya mai laushi daga sama zuwa ƙasa, kafin ruwan farko ya mayar da ƙurar taɓo ya zana ta a jiki. Kafin damina kuma a sake hawa a duba indararo. Ragowar fenti a juye ta a ƙaramin galan da za ta cika, a shimfiɗa leda a baki kafin a rufe, a ajiye a ɗaki mai sanyi ba a ƙarƙashin kwano ba. A rubuta sunan launin da lambarsa a jikin galan ɗin, ko a shafa shi a guntun katako a adana, saboda ranar faci mai shago ba zai gane "shuɗin nan na bara" ba.